Kalmasa a Saman Paris

Mahaifina kafinta ne, kuma rabin rufin kwanon da ke unguwarmu a Kano hannunsa ne ya buga shi. Duk da haka ɗakin mahaifiyarmu yana yoyo. Da hadari ya haɗo daga gabas, mu yara mun san aikinmu: a jera roba da bokiti a wuraren da muka haddace, ɗaya bayan ƙofa, ɗaya gefen gado, biyu kusa da adaka. Washegari Baba ya jingina tsani, ya hau da gwangwanin kwalta da tsumma, ya bi kawunan ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya yana liƙewa. Baɗi war haka a sake. Wata rana na ji wata maƙwabciya tana cewa wanda bai iya rufe ɗakin matarsa ba, wane ɗaki zai rufe? Maganar nan ta zauna mini a ƙirji tun ina yaro. Ban sami amsarta ba sai da furfura ta fito mini, a saman wani gini a ƙasar Faransa, Baba kuwa ya daɗe a ƙasa.

Zumunci ne ya kai ni. Yayata a Maraɗi ta yi aure, ɗanta na biyu ya yi boko da Faransanci, ya tafi can ƙaro karatu. Daga baya labari ya iso cewa ya bar aji ya koma hawa rufin mutane. Dangi suka yi ta juya maganar, wasu na cewa ya yi asarar kuɗin jirgi. Da matarsa ta haihu, ciwon gwiwa ya hana yayata tafiya, sai aka ce ni in je in yi barka a madadin kowa. A watan Mayun 2025 na tashi daga Abuja da dare, bayan wajen awa shida muka sauka filin jirgin Charles de Gaulle gari na wayewa.

Yana tsaye a bakin fita. Ya rusuna ya ce, "Kawu, sannu da hanya. Yaya ka baro su Inna?" Da ya miƙo hannu zai karɓi jakata, sai idona ya tsaya a kan yatsunsa. Duk ƙananan tabon yanka ne, sirara, wani kan wani, fatar tafin kuma ta yi kanta. Na san hannun nan. Da irinsa aka yi mini tarbiyya. Har muka shiga jirgin ƙasa zuwa tashar Gare du Nord ban iya cewa komai ba sai amsa gaisuwa.

Na ga jaririya, na yi mata addu'a, na sauke tsarabar kilishi da kuka da daddawa. Kwana biyu ina hutawa, ran na uku ya ce zai nuna mini garin. Muka sauka Château Rouge, inda kasuwar 'yan Afirka take, ga kuɓewa ga busasshen kifi ga manja ga atamfa, kai ka ce wani lungu ne na Sabon Gari. Daga nan muka kama matakala, muna hawa muna hutawa, har muka kai ƙolin tudun Montmartre, gaban farar majami'ar Sacré-Cœur. Duk wanda ya taɓa hawa Dala ya juyo ya dubi Kano ya san abin da ke kama zuciya a irin wannan wuri. Ya ce, "Kawu, kada ka nemi hasumiyar Eiffel tukuna. Dubi abin da ke ƙarƙashinmu."

Rufi ne iya ganin ido, duk ruwan toka, kamar bayan tantabara. Wani ya yi duhu, wani ya yi haske, wani yana ɗaukar ido inda rana ta faɗa masa. A kansu bututun hayaƙi na jar ƙasa sun jeru kamar tulunan da aka ajiye a bakin rijiya. Kowane rufi da layuka miƙaƙƙu daga sama zuwa ƙasa, kamar kunyoyin gonar da gwani ya huɗe. Ya ce kusan huɗu cikin biyar na rufin birnin nan da tutiya aka yi su. Abin da mu muke kira kwano, baƙin ƙarfe ne da aka yi wa wanka da tutiya don kada tsatsa ta ci shi da wuri. Nasu tutiyar ce gaba ɗaya, sai ɗan abin da ba a rasa ba na jan ƙarfe da titaniyom da ake zubawa don ƙarin ƙwari. Sabuwa tana ƙyalli kamar sabon faranti. Iska da ruwa su ne ke yi mata wannan fata mai ruwan toka cikin shekara ɗaya zuwa biyu, fatar kuma ita ce garkuwarta. Ko an karce ta, wurin zai sake rufewa da kansa. Shi ya sa rufin da aka yi da kyau yakan haura shekara 50 ba a taɓa shi ba.

Muna zaune a kan matakalar ya ba ni asalin abin. A farkon ƙarni na 19 wani mutumin Liège ta ƙasar Beljiyam, Jean-Jacques Dony, ya gano hanyar fitar da tutiya mai yawa daga dutsenta, aka kafa kamfanin Vieille Montagne a 1837 a kan wannan sana'a. Da Sarki Napoleon na Uku ya ɗora wa wani jami'insa mai suna Haussmann aikin rushe tsohon Paris da sake gina shi, daga 1853 zuwa 1870, ana neman abin rufi mai araha, marar nauyi, mai saurin aiki. Tutiya ta cika sharuɗɗan duka. Tana yankuwa da almakashi, tana lanƙwasuwa da hannu, ba ta buƙatar manyan katakai su ɗauke ta. Saboda rashin nauyin nan aka samu sarari a ƙarƙashin rufin, aka yanka ƙananan ɗakuna na 'yan aikin gida. A watan Disambar 2024 kuma, a taron da ta yi a Asunción ta ƙasar Paraguay, hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu rufin tutiya na Paris da masu ƙera adonsa cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Da ya zo nan a labarin sai ya yi shiru, ya dubi hannuwansa. Na gane ba don ni kaɗai yake faɗa ba, saƙo ne yake so in kai Maraɗi.

Na roƙe shi ya kai ni wurin aikinsu. Maigidansa ya yarda, da sharaɗin ba zan wuce inda aka tsayar da ni ba. Ranar Talata da sassafe muka bi jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Montreuil, gabas da birnin, inda suke rufe wani tsohon ɗakin sana'a da ake mayarwa gidajen kwana. Aka kifa mini hular kwano, aka ɗaura mini ɗamara mai igiya, na bi su a kan dandamalin ƙarfen da aka kewaye ginin da shi. Maigidan dattijo ne gajere, mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana. Ɗan yayata ne tafinta tsakaninmu.

Abin da na fara gani shimfiɗar katako ce, allunan itace mai laushi a jere, tsakanin kowane biyu an bar ratar da fensir zai shige. Na tambayi dalili. Aka ce tutiya ba ta tsoron ruwan sama, gumin da ke taruwa a ƙarƙashinta take tsoro. In iska ba ta ratsawa, ta ciki za ta ruɓe. Har itacen ma zaɓa ake yi, domin akwai masu tsami a jikinsu da ke cinye ta.

A ƙasa kuwa tutiyar tana naɗe kamar bandir ɗin yadi, faɗinta santimita 50, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Suna zura bakinta cikin wani inji, ta fito ta ɗaya gefen doguwa, an tayar mata da gefe biyu tsaye: ɗaya da ɗan ƙaramin leɓe, ɗaya da leɓe mai faɗi wanda zai hau kan na maƙwabciyarsa. Mutum uku suka tallabo falle ɗaya mai tsawon mita 10, a hankali kamar masu ɗaukar marar lafiya, don in ya karye a tsakiya tabon ba ya ɓacewa. Falle na farko ya ci musu kusan rabin awa. Dattijon ya ja igiya, ya auna, ya sa aka matsa da ɗan kaɗan, ya sake aunawa. Ya ce in na farko ya karkace da kaurin ƙwayar shinkafa, kafin a kai na talatin sai makaho ma ya gani.

Ina jira in ga an ɗauko guduma da ƙusa a bi ta kan fallen, kamar yadda na saba gani tun ina yaro. Ba a yi ba. Ɗan yayata ya zaro wasu 'yan maƙalai na ƙarfen da ba ya tsatsa, kowane bai fi yatsa biyu ba. Ya saƙala bakin maƙalin a leɓen fallen, ya ɗaure gindinsa a katako da sukuru, wajen guda uku a kowace mita. Sannan aka kawo falle na biyu aka kifa leɓensa a kai, maƙalan suka ɓace a ciki. Katako aka huda, ita tutiyar ko allura ba ta shige ta ba.

Dattijon ya lura da yadda na ƙura ido. Ya zo ya ɗora mini maƙalai biyu a tafin hannu. Ɗaya dunƙule yake, ba ya motsi. Ɗayan kuwa yana da ɗan harshe da ke zamewa gaba da baya a cikin wata tsaga. Na tura shi da babban yatsa, ya tafi, na jawo shi, ya dawo. Ya ce dunƙulallun kaɗan ake sawa, a wuri guda, don kada fallen ya sulale ƙasa. Duk sauran masu zamewa ne. Dalili shi ne ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya: zafi ya miƙar da shi, sanyi ya tsuke shi. Falle mai mita 10, in tsakanin daren hunturu da tsakar ranar bazara an sami bambancin digiri 60, tsawonsa yana ƙaruwa da wajen milimita 13. Ya ce, "In ka hana shi tafiya, zai nemi hanya da kansa. Ko ya kumbura, ko ya yage inda ka danne shi."

Nan take na ji wata ƙara a kunnena, wadda na baro shekara arba'in a baya: ƙas, ƙas, ƙas, da kwanon gidanmu ke yi da hantsi in rana ta fara dukansa, ya kuma yi da magariba in ya fara hucewa. Muna yara mukan ce ƙadangaru ne. Ashe kwanon ne ke miƙa. Namu bai kai tutiya motsi ba, wajen rabin nata yake yi, amma kullum sai ya yi, safe da yamma, rani da damina, yana goga jikin ƙusar da ta danne shi. Ramin da ya yi daidai da ƙusa bana, baɗi ya yi mata yawa. Katakon ƙasa ya bushe ya saki, guguwar farkon damina ta ɗaga ta sauke, ruwa ya sami ƙofa. Baba bai kuskure komai ba. Hanyar da aka koya masa, wadda kowa ke bi, ita ce ta zo da yoyonta tun ranar da aka buga ƙusar farko. Na juya baya na dubi unguwar, don kada yaran su ga idona.

Sai aka zo ga abin da na zo gani. Su suna ce wa wannan haɗi joint debout, wato tsayayyen haɗi. Ni kuwa da na gani, kalmasa na gani, irin wadda tela ke yi wa bakin riga. Ɗan yayata ya durƙusa a bakin rufin da wani awartaki mai faɗin baki. Ya matse leɓen sama ya shige ƙarƙashin na ƙasa, kalmasa ta farko ke nan. Ya sauya awartaki, ya sake naɗe su duka biyun suka kwanta a jikin abin da ke tsaye, kalmasa ta biyu. Kamu ɗaya kawai ya yi da hannu, don inji ya sami wurin zama.

Injin, wanda suke kira sertisseuse, bai fi kan keken ɗinki girma ba, sai dai nauyi. A cikinsa akwai ƙananan tayoyin ƙarfe biyu-biyu suna fuskantar juna. Ya ɗora shi a kan wurin da ya fara, ya danna mariƙi tayoyin suka cije, ya taɓa maɓalli. Abin ya kama hanya shi kaɗai, yana hawa gangaren rufin da wani gurnani marar ƙarfi, wayar lantarki na biye da shi. Tayoyin gaba suna tura leɓe ciki, na baya suna kwantar da shi. A gabansa falle biyu ne masu baki buɗe, a bayansa layi ɗaya ne miƙaƙƙe, tsayinsa santimita 2 da rabi, sumul kamar an zana da rula. Ɗan yayata yana tafe a gefensa a sunkuye, hannu ɗaya na kusa da maɓalli, kamar makiyayi da ɗan maraƙi. Ruwa zai bi kwarin da ke tsakanin layi da layi ya gangara, haɗin kuwa yana tsaye sama da shi. Shi ya sa ko rufin da gangarensa bai wuce santimita 5 a kowace mita ba ana iya yi masa wannan aiki.

Wajen layi na shida, wani yaro mai koyo ne ke bin injin. Dattijon yana can ɗaya ƙarshen, ya ba mu baya, yana auna bakin bututun hayaƙi. Ban ji komai ya sauya ba, sai kawai na ji ya daka tsawa. Yaron ya kashe injin. Da muka matsa, ga wuri kamar tsawon yatsa inda kalmasar ta tattare. Wani maƙali ne bai zauna daidai ba, tayoyin suka hau kansa. Da kunne dattijon ya gane, daga sauyin gurnanin. Bai yi faɗa ba. Ya durƙusa, ya buɗe wurin a hankali da wani siririn ƙarfe, ya gyara zaman maƙalin, ya miƙa wa yaron awartaki ya ce ya rufe da hannunsa. Sannan ya ce a gaya mini: inji ba ya sanin daidai da karkace, abin da ka shimfiɗa masa shi zai ɗinke. Ya ƙara da cewa da hunturu, in sanyin ƙarfen ya yi ƙasa da digiri 7, sai sun ɗumama shi kafin su kalmasa, in ba haka ba ya tsage. Kewayen bututun hayaƙi da kusurwoyi da indararo kuwa, babu injin da ke shiga. Nan sai almakashi, da gudumar katako, da ƙarfe mai zafi da ake narka dalma da kuza a liƙe. Yawancin tsofaffin rufin tsakiyar birni ma wata hanya ake bi, ta ɗora sandar katako tsakanin falle da falle a kifa mata hula, kuma kusan duk aikin hannu ne.

Da rana ta take muka yi azahar a kan allunan da ba a kai ga rufewa ba, muka zauna cin burodi. Ya daɗe yana juya gutsuren da ke hannunsa, sannan ya ce, "Kawu, har yanzu Inna tana jin nauyin faɗin aikin da nake yi?"

Na ce, "Ɗana, kakanka da wannan aikin ya aurar da ita. Rufin asirin gidanmu duka daga saman rufi ya sauko. Ni zan gaya mata abin da na gani."

Kafin in taso ya ce akwai sauran abu guda da ya kamata in gani, don kada in koma da rabin labari. Ya kai ni wani gini a cikin birni, muka hau matakalar baya har hawa na shida, ɗakin da ya fara zama yana ɗalibi, wanda yanzu wani abokinsa ke ciki. Faɗinsa murabba'in mita 9, gado da teburi sun cinye shi. Mayu ne, zafin bai ma fara ba, amma da na ɗora hannu a silin sai na ji shi kamar bangon gidan burodi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: wannan rufi da ba ya zubar da ruwa, zafi yake zubarwa. A watan Agustan 2003 zafi ya kashe mutum kusan 15,000 a Faransa, kuma tsofaffin da ke zaune a hawan ƙarshe suna cikin waɗanda abin ya fi ci. Ranar 25 ga Yulin 2019 zafin Paris ya kai digiri 42.6. Yanzu duk rufin da suka buɗe, sukan cusa abin tare zafi a ƙarƙashinsa kafin su mayar. A ɗakin nan na tuna soron kakarmu, na azara da ƙasa da makuba, wanda in ka shiga da tsakar ranar bazara sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa. Shi kuma kowace shekara sai an bi shi da yaɓe kafin ruwa ya sauka. Maginanmu sun san zafi kamar yadda waɗannan suka san ruwa, kuma babu wanda ya isa ya raina wani.

Ranar da zan dawo, ya sa mini wani abu a aljihun jaka: guntun kalmasa da ya yanko daga ragowar aiki, tsawon tafin hannu, da maƙali mai zamewa a cikinsa. Da na huta gajiya a Kano na nufi rumfar wani dattijo da ya yi koyo a hannun Baba, wanda har yanzu yaransa ke buga rufi. Bayan gaisuwa na miƙa masa ban ce komai ba. Ya juya shi, ya leƙa bakin yankan inda ninkin ya fito fili, ya tura harshen maƙalin da farce ya ga ya tafi ya dawo. Ya daɗe yana yi.

Ya ce, "Ina ƙusar?"

Na ce, "Tana ƙasa, a katako. Ba ta taɓa shi ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Allah ya jiƙan maigida. Ya sha gaya mana kwano yana da rai, mu muna dariya." Sannan ya ƙwala wa wani yaro kira, ya ce a kawo masa awartaki da ragowar alminiyom ɗin da ke bayan rumfa. Ya yanko biyu, ya tayar musu da baki a gefen benci, ya gwada ninkawa. Na farko ya tattare. Ya jefar, ya yanko wasu. Rana ta yi ƙasa, ana shirin kiran magariba, kwanon rumfar ya fara ƙas, ƙas a kanmu. Shi bai ɗago ba, yana kan na uku.